Takardar da ke cikin likkafanin Inna

A shekarata ta bakwai a Riyad, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, saura kaɗan in gama biyan bashin gidan da na saya wa Inna a Kano. Takardar gidan tana hannun banki. Sau ɗaya tak Inna ta riƙe ta kafin a tafi da ita. Ba ta yi boko ba, don haka shafa ta kawai ta yi, ta sa albarka, ta ce abu ɗaya take roƙon Allah, kada ta cika a gidan da yake jingine.

Sai ga ma'aikacin bankin a waya, baki kamar zuma. Wai gidan ya ninka kuɗinsa, in na yarda a sake jinginar da shi za su ƙara min rance mai tsoka. A lokacin duk wanda muke cin shinkafar kabsa tare ranar Juma'a a unguwar Shifa yana da fili a Abuja, ni kaɗai ne ɗan kallo. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na san wannan sarai, na kuma sa hannu. Da masu kimanta gida suka je da igiyar awo, na ce wa Inna masu fenti ne, ta sa aka dama musu fura. Filin da na saya yana nan har yau, ciyawa ce ke zaman haya a ciki.

Na manta cewa Inna da azumi take ƙirga shekaru, kuma ba ta ɓatan lissafi. Bayan ƙaramar salla ta fara tambaya ko takarda ta fito. Na yi ta hanya-hanya har na gaji. Ina da hoton takardar a waya, sai na shiga wani ɗan shago a unguwar Dira aka buga min ita mai launi a kan takarda mai kauri. Mai shagon ya ɗaga ta sama ya ce mumtaz, ni ma na yarda ta yi kyau.

Da na je hutu na haɗa mata da yadin likkafanin da ta daɗe tana min aike, wanda na wanke da zamzam lokacin umara. Ta karɓi takardar ta shafa, sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta." Na ji daɗi har cikin raina. Wannan jin daɗin ne ban yafe wa kaina ba.

Shekara ta zagayo, ta rasu da hantsi ina bakin aiki. Kafin mudir, shugabanmu a wurin aiki, ya sa hannu a izinin fitata an riga an kai ta. Bayan azahar yayata ta kira ni. Ta ce da liman ya tambaya ko akwai mai bin mamaciya bashi, babu wanda ya motsa. Ta ce kuma da suka warware likkafanin, takarda ta faɗo daga ciki, kuma Inna ta bar mata saƙo tun bara.

"Ta ce in faɗa maka, waccan ta farkon tana da ɗan tudu daga ƙasa, wurin hatimi, ta ji shi da yatsanta. Wannan sumul take."

Yaya ta ce ba ta gama ba.

"Ta ce kada kowa ya yi maka faɗa. Wai ka biya a hankali, kada ka takura kanka a ƙasar mutane."

Da faɗan ta bari aka yi min, da ya fi min sauƙi. Shekara guda cur ina kiranta duk Juma'a ina tsokanarta da mai gida, tana dariya tana amsawa, alhali ta san ba a karɓi addu'arta ba, ta kuma san wanda ya tare ta.

Saura min shekara shida in gama biyan bashin, iƙamata kuwa, wato izinin zamana a nan, shekara-shekara ake sabunta ta. Yaya ce a gidan da 'ya'yanta, duk ranar da asibiti ya ce min ma'assalama, su za a fara fitarwa. Takardu da yawa suna bi ta hannuna kullum a wurin aiki. Kowace na ɗauka, sai in ga babban yatsana ya gangara ƙasa da kansa yana laluben tudu.