Ramin da babu wuta a cikinsa

A unguwar Parkchester, a nan ƙasar Turawa, aka haife mu, ni da ƙanena Nasiru, a hawa na shida na wani dogon bene. Ina da shekara tara aka kawo mana kakarmu daga Katsina, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya. Har ta bar duniya ba ta saba da sanyin garin nan ba. Da an yi magariba sai ta shige kicin, ta kunna murhun gas, ta jawo kujera ta miƙa tafukanta. Mama tana wurin aikin jinya, Baba yana filin jirgin sama na JFK da tasinsa yana jiran fasinja. Mu kuwa sai mu zube a ƙasa kusa da ƙafafunta.

Iya ba ta cika yin tatsuniya ba. Waƙar wa'azi ɗaya gare ta, wadda ta haddace daga bakin mahaifinta, ta ce waƙar ta girmi kakan kakansa nesa ba kusa ba. Wai wani malami ne ya suma kwana uku, aka zaga da shi cikin wuta rami bayan rami, da ya farfaɗo sai ya tsara abin da ya gani. Takan rera baiti ɗaya da muryarta mai rawa, sannan ta tsaya ta yi mana bayani.

A ramin farko masu tauye mudu ne, ana ɗura musu hatsin da suka rage wa mutane, ya zama garwashi. Gaba kaɗan ga magulmata, harshen kowanne ya yi tsawo yana ja a ƙasa, jama'a na takawa. Masu shaidar zur kuma an juya musu fuska ta koma ƙeya, suna tafe suna faɗuwa. Nasiru wannan wurin ya fi so. Yakan ƙyalƙyale da dariya yana tambaya da Turanci, Iya ta dungure masa kai.

"Ka yi mini Hausa, ɗan nema. Kuma ba abin dariya ba ne."

Rami na ƙarshe babu wuta a cikinsa. Sanyi ne kawai, da shiru. Mutane suna zaune biyu-biyu, baya da baya, kowa da ɗan'uwansa na jini. Suna jin numfashin juna, amma wuya ya ƙage, ba mai iya waiwaye. Waɗannan su ne masu yanke zumunci.

"Iya, to me ake yi musu?" na tambaya.

"Ba a yi musu komai, Balki. Yadda suka zauna a duniya aka bar su."

A lokacin na raina wannan azaba. Ban ga abin tsoro ba a wurin da ba a dukan kowa.

Iya ta rasu ina sakandare, Baba ya bi ta bayan wasu shekaru. Da ciwo ya kwantar da Mama, ni na yi jinyarta shekara biyu. Nasiru yana unguwar Tompkinsville, a ƙetaren ruwa, da matarsa Hadiza, sau uku ya leƙo. Ranar jana'iza sai da aka rufe ta sannan ya iso. Ban yi masa faɗa ba. Na toshe lambarsa, na ci gaba da zuwa aiki. Haka muka yi shekara shida.

Bara, cikin hunturu, Hadiza ta kira ni da wata lamba. Nasiru ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na ce innalillahi, na ƙarasa wanke kwanon da ke hannuna. Na hau jirgin ƙasa, na hau jirgin ruwa, ina kallon ruwa ina jiran kuka ya zo. Bai zo ba. Mata suna rungume ni suna cewa in yi haƙuri, ina amsawa kamar mai amsa gaisuwar wani.

Bayan sadakar bakwai Hadiza ta zauna kusa da ni, ta ce, "Yaya Balki, kullum yakan rera wa yara waƙar Iya. Amma ya ce ƙarshen ya ɓace masa, ke kaɗai kika riƙe. Ya ce in kun shirya zai tambaye ki."

Na ce mata ni ma na manta.

Ban manta ba. Da can na ɗauka sai mutum ya mutu ake kai shi wancan rami. Yanzu ban sani ba. Hukunci na Allah ne, kuma ina roƙa wa Nasiru gafara a kowace sallah, ko da yake bakina ne kawai ke motsi. Duk Lahadi nakan haye zuwa Tompkinsville in kai wa 'ya'yansa abinci. Babbar takan kira ni Gwaggo, in amsa. Har yau ban rera musu ba.