Sunan da Safta Ta Sa Aka Rubuta

A ƙasar Walakiya, zamanin da ake sayar da mu ƙabilar Tsigani iyali-iyali kamar tumaki, an yi wata mata mai suna Safta. A gidan wani mai gonaki kusa da Craiova aka haife ta, a gindin murhu, kuma nan ta yi shekara talatin tana tuƙa tuwon masara. Da uwargijiyarta ta hango kabari, tsoron Allah ya zo mata a makare, ta kira limamin coci ta ce ta yafe wa Safta. Haka suke cewa in sun 'yanta bawa, sai ka ce shi ya yi musu laifi. Safta ta yi godiya a taƙaice, ta tafi birnin Bukares ta kama wankau.

Tana da ƙanwa, Rada, wadda ba ta tsaya jiran mutuwar kowa ba. Tun tana budurwa ta gudu, ta faɗa wani ƙauye a gindin duwatsu, ta ce ita marainiya ce, ta sauya suna. Da yake tana da ɗan haske, ba kamar yawancinmu ba, aka yarda. Ta auri wani mai kiwon zuma, ta haifi 'ya'ya mata biyu, Ilinca da ƙanwarta. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya neme ta. Safta kaɗai ta san inda take.

A 1848 'ya'yan manya da suka yi karatu a Faris suka karɓe mulki, suka yi shela cewa bauta ta ƙare, kowane bawa ya zo a ba shi takardar 'yanci. Cikin masu rubuta takardun har da wani Matei, wanda Safta ke wanke wa riguna. Ya zauna da alƙalami da tawada, bayi suka ƙi zuwa, don tun kaka da kakanni ba a taɓa rubuta sunanmu an yi mana alheri ba. Sai ya roƙi Safta ta yi musu magana, har da hawaye, yana ce mata Inna. Ta tambaye shi ko maganar za ta ɗore. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce sai dai a taka gawarsa.

Ta yarda, kuma in Safta ta yarda da abu, ba a zaman lafiya. Ta bi rumfunan maƙera, ta bi masu yin tubali, ta shiga madafan manyan gidaje ta ƙofar baya. Wani maƙeri ya ce shi tsoro yake ji, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ƙato da kai, kana dukan ƙarfe yana lanƙwashewa, takarda ce za ta sa ka fitsari?" Washegari ya je da iyalinsa duka. Haka ta riƙa kora mutane ɗari-ɗari.

Daga ƙarshe ta hau duwatsu wajen Rada. Rada ta ce ita lafiya lau take, a bar ta da zumarta. Safta ta tuna mata cewa a doka ɗan baiwa bawa ne, duk ranar da wani ya gane fuskarta a kasuwa, da ita da yaran an gama. Kwana uku tana yi mata naci. A na huɗu suka sauko tare. Matei da kansa ya buɗe babban littafi, ya rubuta sunan Rada na gaskiya, da sunan ubangijinta, da ƙauyen da ta ɓuya, da sunayen yaran, da kyakkyawan rubutu irin na Faris.

Wata uku aka yi. Sojojin Turkawa suka shigo, tsoffin masu mulki suka koma kujerunsu, aka ce takardun nan banza ne, kowane bawa ya koma wa mai shi. Da safe Safta ta ruga gidan Matei, ta tarar ana loda akwatuna a keken doki, zai bar ƙasar. Ba ta yi masa gori ba. Littafin kawai ta ce ya ba ta ta ƙona.

"Inna, ai takardar hukuma ce, ba a ƙona ta," in ji shi. "Na bar shi a ofis, a kulle. Wata rana tarihi zai buƙace shi."

"Ranka ya daɗe, kai za ka tafi da akwatunan littattafai shida, namu ne kawai ya yi maka nauyi?"

Ya ce ba za ta gane ba. Ya hau, aka ja.

Kafin sanyi ya sauko, dakaru sun iso ƙauyen da Rada ta koma, da littafin a hannu, ba su ko yi tambaya ba. Mai kiwon zuma ya tsaya a ƙofa yana kallo aka tafi da matarsa da 'ya'yansa.

Daga nan Safta ba ta ƙara kai kowa gaban mai alƙalami ba. Hanyoyin makiyaya ta koya, ta riƙa tsallakar da bayi duwatsu zuwa ƙasar Ardeal, inda ba a mallakar mutum. Har yau akwai zuriyoyi can da ke raɗa wa 'ya'yansu sunanta. Sau uku ta aika wa Rada cewa ta shirya, sau uku Rada ta ce ta riga ta bi shawararta sau ɗaya.

A 1856 'yanci ya zo da gaske. Matei ya dawo daga baya da tumbi, ana ta yi masa tafi. Safta kuwa tana ƙofar gidan da aka haife ta ranar da aka saki bayin. Rada ta fito da ƙaramar 'yar kaɗai. Ilinca an haɗa ta cikin kayan auren 'yar gidan, tare da tabarmi da azurfa, an tafi da ita ƙasar Moldova, ba wanda ya damu ya riƙe sunan garin.

Safta ta miƙa hannu. Rada ba ta karɓa ba.

"Yaya, an ce yanzu kin san hanyoyi," ta ce. "Je ki nemo min Ilinca."

Safta ta juya daga nan, ko ruwa ba ta sha ba. Shekara bakwai tana bin gidajen manya na Moldova ƙofa-ƙofa tana tambaya. A hanyar Focșani ta rasu, ba ta same ta ba.