Ƙanin Wuƙar Kakana

Shekaranjiya wani mai gyaran famfo ya wuce ta ƙofar gidana, wasu ƙarafa biyu suna gugar juna a aljihunsa, ƙil, ƙil. Ina tsaye da tsintsiya a hannu, sai kawai na gan ni a ƙauyenmu na bayan garin Zakka, ina bin kakana a baya. Haka aljihunsa yake kuka duk inda ya sa ƙafa. Ko ba ka gan shi ba, ka san ya shigo gida.

Abu biyu ne a aljihun, ɗaure da igiyar fata ɗaya. Akwai 'yar wuƙa mai naɗewa, mai ƙotar ƙaho. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki, da kaɗan ya fi tsawon tafin hannu, wanda wani maƙeri a kasuwar Batsari ya buga masa daga karyayyen ƙarfen mota. Ƙanin wuƙa yake ce masa. Wuƙa ba ta da aiki sai yanka: igiya, goro, rake, ko dabbar da ajali ya matso mata. Duk abin da ake ɓamɓarewa kuwa na ƙanin ne, murfin gwangwani, ƙusar da ta ƙi fita, tsakuwar da ta maƙale a kofaton jaki. In ya ga mutum ya sa tsinin wuƙa zai buɗe gwangwani, sai ya kau da kai kamar ya ga abin kunya. Baffana, ƙanin mahaifina, ya yi ta karya nasa wuƙaƙen a haka har ya haƙura da yawo da wuƙa.

Ina da karsana a garkenmu, fara mai ɗigon baƙi a wuya. Tun ranar da aka haife ta kaka ya ce tawa ce. Shekarata tara, kuma a duniya ban mallaki komai ba sai ita da zane biyu.

Wata rana a farkon damina, bayan azahar, baffa ya dawo daga kiwo a guje. Ƙafar karsanar ta faɗa tsagin dutse a cikin busasshiyar ƙorama, ya ja ya ja ta ƙi fita. Muka tafi mu uku. Mun tarar da ita kwance a kan yashi, kumfa a baki, ta daina ko yunƙuri. Ga hadari ya haɗo daga gabas. Kowa a yankinmu ya san halin wannan ƙorama, in aka yi ruwa a kan duwatsu ba da sallama take cika ba.

"Baba, a yanka ta tun da sauran rai," in ji baffa. "In ruwan nan ya sauko mushe za ta zama, ko fatar ba mu samu."

Kaka ya kwance igiyar fatar, ya raba wuƙa da ƙaninta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Sai ya danƙa mini wuƙar.

"Amarya," haka yake tsokanata, "dabbar taki ce. Riƙe nan. In kin ga na kasa, miƙo mani, ba sai na tambaya ba."

Ya kwanta rub da ciki, farin gemunsa a cikin yashi, ya zura ƙanin cikin tsagin. Ƙananan duwatsu ne suka cushe bayan kofaton suka datse shi. Ɗaya bayan ɗaya yake lallaɓa su, ya ɗaga, ya zaƙulo, ya ajiye a gefe.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba. In na tuna shi yanzu kamar a mafarki nake ganinsa. Hasken rana ya koma rawaya, ganyen kalgo ya tsaya cak, ƙamshin ruwan da bai iso ba ya cika hanci. Can nesa wata kurciya tana ta kuka abinta. A cikin idon karsanar ina ganin gajimare suna tafiya, da wata 'yar yarinya tsaye da hannu a dunƙule.

"Ke, ba ki ganin sama?" in ji baffa.

Ina gani. Tsoro nake ji, kuma ba zan ɓoye maka ba, sau biyu hannuna ya fara miƙewa. Na ji haushin kaka ƙwarai da ya ɗora mini wannan kaya. Amma duk sanda na dube shi sai in ga yatsunsa ba su yi sauri ba, ba su kuma tsaya ba, sai in mai da hannun ƙirjina.

Ruwan farko ya iso, siriri, ja, ɗauke da kumfa da karmami. Ya taɓa gwiwar hannun kaka, ya jiƙa gemunsa. A nan ne wani dutse kamar ƙwan zabo ya yi tsalle ya fito. Kaka ya kama ƙafar da hannu biyu, ya murɗa a hankali, kofato ya zame waje. Muka kora ta tana ɗingishi muka hau gaɓa. Kafin mu juyo, inda kaka ya kwanta ya ɓace a ƙarƙashin ruwa.

"To, ba ni wuƙata," ya ce.

Hannuna ya ƙi buɗuwa. Ya yi dariya har da tari, ya durƙusa yana ɓamɓare yatsuna ɗaya ɗaya.

"Wannan ma sai an sa ƙani?"

A nan na fashe da kuka.

Yau ba mai kai shanu wannan ƙorama, dajin ya fi ƙarfinmu, garken ma ya watse. Ina aure a birni kaka ya rasu. Da aka zo rabon kayansa, baffa ya karɓi wuƙar, don wuƙa abu ce da kowa ya san darajarta. Ɗan ƙarfen ba wanda ya ko lissafa shi cikin gado. Sai bayan shekara na tambaya, aka ce yara sun haɗa shi da tsofaffin gwangwanaye sun sayar wa masu sayen ƙarfe. Ban ga laifin kowa ba, ni ce ban yi magana da wuri ba. Amma da an tambaye ni abin da nake so a kayan tsohon, shi kaɗai zan ce a ba ni.