Kunyar Ɗan Fari Ta Rufe Mini Baki a Gaban Likita

A farkon shekarun samun 'yancin kai, ni matar manomi ce a Kalfu. Baki gare ni, ba macen da ke kayar da ni a bakin rijiya, amma a kan ɗana na fari ba ni da ta cewa. Ban taɓa kiran sunansa ba, in aka yi zancensa sai in kau da kai. Haka na taras ana yi, har alfahari nake da iya wannan kunyar. Ya yi lakkwal, wato makarantar boko, ya zama mushe, malamin makaranta ke nan, yana koyarwa a Tawa, sai ga shi an dawo mana da shi, wai tsayawa yake cikin aji ya zuba wa bango ido.

Wata hantsi ina sussukar hatsi, ya tsuguna bayana ya ce, "Inna, ana kirana daga arewa, ba su barina in huta. Wata rana tahiya za ni yi." Ban ɗago ba, na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Da aka ce wani likitan masu taɓin hankali ya zo Tawa daga Yamai na 'yan kwanaki, wan mijina ya kai mu, don mai gidana na wurin ci-rani. Ni allura na sa rai. Sai na ga mutum da takarda da alƙalami kawai, sai tambaya kamar alƙali. Kaina ya ɗaure, na ce a raina wannan wane irin likita ne? Tafinta ya bayyana mana cewa mutumin ya gama karatun likita kamar kowane likita, sannan ya ƙara shekaru yana koyon ciwon ƙwaƙwalwa, kuma da abin da ya ji yake gane ciwo, don haka yana son wanda ya fi kowa sanin majinyacin. Likitan ya tambayi yaron, shi kuwa ya zuba wa bango ido. Sai ya juyo gare ni: yana barci? Ya taɓa cewa yana jin muryoyi, ko zai bar gida? In haka ne, in ji shi, zai tafi da shi Yamai a kwantar a sa masa ido. In gajiya ce kawai, ƙwayoyi sun isa.

Har yau na kasa rarrabe abin da ya riƙe ni. Ga wan mijina zaune, yaya zan buɗe baki in nuna na san cikin ɗan fari? Ga kuma tsoron a ɗauke shi zuwa garin da ban taɓa gani ba. Na ja mayafi na rufe fuska. Wan mijina, da bai san komai ba, ya ce lafiya lau, aiki ne ya yi masa yawa. Likitan bai rubuta ba, ya daɗe yana jirana. Tafinta ya sassauta murya ya ce, "Inna, in da abin da kinka sani, ki hwaɗi." Na ce ban sani ba.

Aka ba mu ƙwayoyi, muka dawo. A hanya wan mijina har yaba mini ya yi, wai ni mace ce mai kunya. Kafin a gama girbi yaron ya fita da safe bai dawo ba. Makiyaya sun ce sun ga mai kamarsa bayan Tebaram, ya miƙe arewa, ko goran ruwa babu. Iyakar labarinsa ke nan.

Ba zan ce da na yi magana lalle ya warke ba, wannan sanin sai Allah. Amma likitan ya yi tambayar da ta dace, ga wadda ta dace, ni ce na hana shi aikinsa. Iyaye mata, irin wannan likita bakinku ne kayan aikinsa. In kun shiga ɗakinsa, ku ajiye kunya tare da takalmanku. Yanzu da na tsufa, na koyi kiran sunan ɗana, har da ƙarfi, sai dai babu mai amsawa.