Faifan Elkana Ya Je Kano Ya Dawo

Elkana mutumin Jos ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Mun daɗe a filat ɗaya da shi a unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa, gadonsa a ƙasa nawa a sama, don haka babu wanda ya kai ni shan wahalar abin da yake so. Wani kiɗan rawa ne da samarin Ingila suka yi yayinsa a farkon shekarun casa'in, wai shi hardcore. Ganga ce a guje kamar an biyo ta, fiyano yana tsalle a kanta, wata siririyar murya tana ihu. Ni dai a kunnena injin markaɗe ne, har yau kuwa ban canza ra'ayi ba. Shi tun yana saurayi ya ji shi a wani kaset da ɗan maƙwabcinsu ya kawo, daga ranar bai sake warkewa ba.

Mutum ne shiru-shiru, furfura har ta fara. Yakan wuni a kan rufin mutane cikin rana, ya dawo ya ci tuwonsa, ya toshe kunne da kiɗan yana gyaɗa kai. A haka ya yi ta cigiya har ya gano yana da 'yan'uwa a garin: wata 'yar Filifin mai aikin jinya, wani Ba'indiye direban babbar mota, da wani tsohon Bature. Kowannensu yana haɗa irin kiɗan a ɗakinsa, ba mai saurare. Elkana ya ce zai kafa kamfani mai suna Tsawa, ya buga musu a faifan garmaho, baƙin nan mai faɗi.

Na ce, "Ɗan'uwa, duniya tana waya kai kana garmaho?"

Ya ce masu son kiɗan nan sai sun riƙe abu a hannu.

Suka amince masa, suka danƙa masa waƙoƙinsu. Aka buga faifan a Turai, aka sa ranar fitar da shi, wata Asabar da la'asar a wani sito da ya kama a unguwarmu. Mutane har daga Abu Dhabi suka ce suna tafe. Idan ranar ta zo babu faifai, sunan Tsawa ya mutu tun bai tashi ba, kuma Elkana ba shi da idon da zai kalli mutanen nan uku.

Kwalayen faifan suka iso da wuri. Faifai ba ya son zafi, lanƙwashewa yake yi, filat ɗinmu kuwa ko takalmi da ƙyar yake samun wuri. Sai ya kai su ajiya wurin Alhaji Maharazu, Bakano mai harkar tura kaya a Al Buteen, wanda sitonsa yake da sanyi don Elkana ne mai kula da na'urar. Saboda tsabar tsantseni, Elkana ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta sunansa da lambarsa ɓaro-ɓaro a kowane gefe. Abin da bai sani ba, a wurin 'yan kago, masu tura kaya irin su Alhaji, ajiya ba a rubuta mata suna, kusurwa ake tura ta. Kwalin da duk aka ga suna a jikinsa, matafiyi ne. Masu lodi suka haɗa da kayan 'yan kasuwa, jirgi ya tashi.

Ni na raka shi ɗauko kayan, ana saura mako guda da 'yan kwanaki. Alhaji ya duba kusurwa, ya duba mu, ya ɗaga waya. Da ya ajiye sai ya cire hula.

"Malam Elkana, kayanka suna Kano."

Elkana ya zauna a kan wani ɗaurin barguna. Bai yi faɗa ba, ni ne na yi, har na wuce gona da iri. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

"Alhaji, a juyo da su mana," in ji shi.

"Kago daga nan yake tafiya, ba ya dawowa. Kafin a samu hanya, khalas, shi ke nan, ranarka ta wuce." Alhaji ya murza hular. "Amma shwaiya, dakata kaɗan. Mutanena fa da jaka wayam suke zuwa."

Haka ne kuwa. 'Yan kasuwar Kano sayayya suke zuwa yi, akwatunansu babu komai sai kilishi da yaji. Kuma a wurinsu saƙo ba abin da ake ƙi ba ne. Alhaji ya kira Hajiya Jummai a Kano, wata dattijuwa mai sarin abaya wadda matan kasuwa ba sa tsallake maganarta, ta ce a bar mata. Ƙanin Alhaji ya fasa kwalayen a Kano, aka raba wa duk mai tahowa a makon, da sharaɗi: a tsaye, kar a danne, kar rana ta gani.

Sai faifai ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Kullum Elkana ya tashi aiki sai ya bi ƙananan otal-otal na Al Buteen yana sallama. Wata ta miƙo goma a naɗe cikin zani, wani ya miƙo biyar a cikin darduma. Duk ƙamshin daddawa suke yi. Wata Rabi ta ba shi haƙuri, jikanta ya zauna a kan biyu. Wani dattijo ya riƙe nasa sai da aka tabbatar masa ba waƙar batsa ba ce. Elkana ya ce ai ko magana babu, dattijon ya ce to me ake ji?

Kaso mafi yawa yana hannun Hajiya Jummai, ita kuma sai safiyar Asabar ɗin ta sauka. Muka tarye ta a otal. Ta ƙi sakin akwatin.

"Ɗan nan, abin da ya hana ni zuwa da man shanuna, sai na ga ko mene ne. Yalla, mu je."

Da la'asar siton ya cika. Turawa masu tumbi, 'yan Filifin, Indiyawa, 'yan cocinmu da suka zo kara, ga Alhaji Maharazu a bakin ƙofa yana ta gumi. Layin masu saye ya kai waje. Wani Bature ya shinshina nasa faifan, ya tambaye ni wane turare ne, na ce na kamfani ne.

Elkana ya ɗora faifan farko, ya saukar da allura. Kiɗan ya fashe, ƙasa ta ɗauka, wurin ya hautsine. Ma'aikaciyar jinyar nan ta ji waƙarta tana fita daga manyan lasifika, ta rufe fuska tana kuka. Elkana kuma, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba, yana tsalle hannu a sama. Na yi farin ciki ƙwarai.

Na waiwaya na ga Hajiya Jummai a kujera kusa da lasifika, ta toshe kunnuwa biyu da gefen mayafi, fuska a yamutse. Na sunkuya na ce, "Hajiya, in fita da ke waje ki huta?"

Ta harare ni.

"Ni na ɗauko shi tun daga Kano. Ba inda za ni sai na ji ƙarshensa."