Yadda Ajin Malam Salmanu Ya Koyi Ihu

Shekara goma sha tara Malam Salmanu ya yi yana koyar da 'yan aji biyu a firamaren wani ƙauye gaba da Darini, kuma ba a taɓa jiyo ajinsa daga hanya ba. Siriri ne kamar karan dawa, ga taurin kai irin na jakin da ya zo bakin rafi. Aƙidarsa guda ce: wai baki ɓarawo ne, yakan sace karatu ya bar ido cikin duhu. Don haka ba ya yarda yara su riƙa yi masa amshi gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya yake kiransu gaban allo, ya ɗora tsinke kan kalma daga tsakiyar layi, ya yi gum sai yaro ya haƙo ta da kansa. In ka leƙa ta taga sai ka rantse zaman makoki ake.

Mu kuwa nan, makarantar da ba ta ƙara ba makaranta ba ce. Iyaye na wucewa gona, su ji ajin gefe yana girgiza rufin kwano, nasa tsit. Aka fara cewa barci yake. Armaya'u, shugaban iyayen yara, wanda har gobe da dangwale yake sa hannu, shi ya kai koke wurin hedimasta. Malam Salmanu ya roƙa a kawo kowace irin takarda a gwada yaransa. Armaya'u ya ce shi kunnensa ya ishe shi shaida.

Hedimasta bai ja zance ba. Ya ce in koken ya kai ofishin ilimi, akwai gurbi a wata makaranta can bakin daji bayan Runka, inda malamai biyu suka tsere wa 'yan bindiga bara ko takalma ba su ɗauka ba. Malam Salmanu ya tuna 'ya'yansa shida da tsohuwarsa da ba ta iya tafiya. Kwana uku tuwo bai shiga ba.

Ran Litinin ajinsa ya fashe da amshi har kajin makwabta suka watse. Yanzu yara na rera shafi sukutum, littafi a kife, shi yana tsaye bakin ƙofa yana kallon waje. Armaya'u ya aiko masa da damin gero, ya kuma tare shi a kasuwar Batsari, baki har kunne.

"Malam, ashe ka iya koyarwa."

"Na iya, Alhaji," in ji shi. "Bana na koya."