Ganyen da Bintu Ba Ta Faɗin Sunansa

A Hawandawaki kowa ya san Bintu mai jiƙo. Tun tana amarya take tsinko wani ganye mai jan kara gaɓa-gaɓa a bakin tabki, ta shanya a inuwa, ta jiƙa wa masu jego. Amma ka tambaye ta sunansa, sai ta ce, "Na bakin ruwa." Shi ke nan, ka ji da shi.

Mijinta ne ya fara nuna wa garin amfaninsa, tun yana saurayi mai bin shanu, sai mutane suka laƙa wa ganyen sunansa na ƙuruciya. Daga baya ya zama liman, kowa ya koma kiransa Liman har ya rasu. Bintu kuwa, baiwar Allah mai kunya, ko da wasa ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. Tsararrakinta suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, sunan ya rage a bakinta ita kaɗai.

Bana jikarta Shamsiyya, mai karatun kimiyya a Maraɗi, ta ɗebi ganyen ta kai labo, ɗakin gwaje-gwajensu. Da ta dawo ta nuna wa Bintu hoton gwajin a salula.

"Kin gani, Kaka? Na jiƙa shi a alkol, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, na ɗiga a ruwan nan shunayya, ya koma rawaya. Alama ce yana da sinadaran da ke hana jiki tsatsa. Fenol muke ce musu."

"Ashe rini kika tafi koyo!" in ji Bintu, tana dariya. Wallahi ta ji daɗi har ranta.

"Na samu sunansa na Turawa, saura namu. Na gewaye gari, ba wanda ya sani. In ke ma ba ki sani ba, na Turawan kaɗai zai shiga aikina."

Dariyar ta ɗauke. Bintu ta dubi hannuwanta da suka yamutse, tausayin marigayi Liman ya kama ta. Wato ranar da aka kai ta makwanci, da sunan za a rufe ta?

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar amarya.

"Danda," ta ce can ƙasa. "Ganyen Danda."

"Wane ne Danda, Kaka?"

"Ke dai rubuta, ja'ira."

Hawaye suka zubo mata. Ta sake faɗin sunan, ba don yarinyar ba ta ji ba.